Kaka 'Yar Fim, Wadda Ta Hana Baba Miƙewa

Daga Allah muka zo, wurinsa za mu koma, Kaka kuwa ta riga mu tafiya ranar wata Talata da hantsi. Ina wurin aiki a Edgbaston, can Birmingham, maigidana ya bugo waya. Bai iya cewa komai ba sai, "Kaka ce." Na ajiye abin da ke hannuna na nufi tashar jirgin ƙasa, ko rigar sanyina ban tuna ba.

Washegarin jana'iza gidan surukina da ke Longsight, a Manchester, ya cika maƙil. Kun san gidajen layinmu, a manne suke da juna, falon bai fi a shimfiɗa tabarma biyu ba. Takalma har bakin titi. Matan zango 'yan Gana da ke Lozells suka yo hayar mota guda daga Birmingham, da tukwanensu da ludayansu. Mai naman halal na bakin kasuwa ya aiko da cinyar rago, ya ce kada a tambaye shi komai. Wata Baturiya maƙwabciyarmu ta tsaya a ƙofa riƙe da furanni tana hawaye, ta rasa wanda za ta miƙa wa, sai da na karɓa na zuba su a bokitin wanki. Kowa da abin da yake tunawa. Wannan ta ce Kaka ce ta raka ta asibiti haihuwar fari, lokacin ko "yes" ba ta iya ba. Waccan ta ce Kaka ce ta koya mata hawa bas ita kaɗai.

Ana cikin haka ayarin mata suka shigo falo yi wa surukina gaisuwa. Wata Hajiya daga cikinsu ta gyara mayafi, ta yi ajiyar zuciya ta ce, "Mace ta gari. Allah dai ya yafe mata wancan aikin na ƙuruciya." Aka amsa amin ƙasa-ƙasa. Wallahi sai na ji jinina ya hau, don ni na san abin da wancan aikin ya yi wa gidan nan. Zan zo kan amsar da aka ba Hajiya, amma sai kun fara sanin wace ce aka rasa.

Kaka Bafaranshiya ce, matar baffan surukina. Allah bai ba ta haihuwa ba. Ita da mijinta suka ɗauko surukina daga Kumasi yana saurayi, ta riƙe shi har ya yi aure, shi ya sa yake kiranta Inna, mu kuma mu ce Kaka. Shi surukin nawa Baba muke ce masa. Gidanta na jikin nasa, katanga ɗaya ce ta raba su. Hausarta ta zango ce tsantsa, a bakin mijinta ta koya, tana yi tana jan ra daga maƙogwaro.

Ni daga Kano na zo karatu a jami'a a Birmingham, aure ya haɗa ni da jikanta, direban bas ne a Stockport Road. Ranar da aka kai ni gaishe ta na durƙusa a bayan ƙofa, kaina a ƙasa yadda aka koya mana. Sai na ji yatsu masu sanyi sun ɗago haɓata. Tsohuwa ce ta haura tamanin, ga jan baki raɗau kamar mai zuwa biki. Ta ja ni gaban taga ta juya fuskata.

"Tsaya inda haske yake, jikata. Fuska irin wannan a ɓoye ta a lungu?"

A bangon ɗakin akwai hoto baƙi da fari, wata budurwa kai babu ɗankwali, kafaɗu a waje. Na yi maza na kau da ido.

"Ni ce," in ji ta. "Kalla da kyau, ba ya cizo."

Daga ranar na zama 'yar ɗakinta. Duk Asabar in na dawo daga Birmingham sai ta dafa gahawa mai ɗacin tsiya, ta yi ta zagin burodin ƙasar nan, ni kuma in ce mata ko ɓera ba zai sha abin da ta dafa ba. A nan na ji labarin fim ɗinta, gutsi-gutsi, ba a jere ba.

Bayan yaƙin duniya na biyu ne, tana budurwa a birnin Paris. Babu gawayin ɗumama ɗaki, burodi sai an bi layi. Uwarta tela ce mai ɗinka wa 'yan fim kaya, ita kuma take kai ɗinkin wurin da ake ɗauka. Wata rana aka rasa yarinyar da za ta buɗe ƙofa ta ce abinci ya sauka, mai ba da umarni ya hango ta da ƙunshin riguna a hannu ya ce ta zo. Shi ke nan ta shiga. Ta fito a 'yar aiki, ta fito a mai sayar da safar hannu a kanti, ta fito a nas, amma abin da aka fi ba ta shi ne ƙanwar nan mai tari wadda ba ta kai ƙarshen labari.

"Na mutu a fim har na gaji," takan ce. "Tarin fuka ya kashe ni, jirgin ƙasa ya kashe ni, miji ya kashe ni. Mutuwar ba wuya. Riƙe numfashi ne wuya, ga wani ƙato yana kuka a kan cikinki."

Ta ce sanyin ɗakin ɗaukar fim har tururi yake fitarwa daga bakin mutum, alhali a labarin lokacin zafi ne. Sai a ba su ƙanƙara su tsotsa kafin a fara, don kada tururin ya fito a hoto. A ƙasa akan ja layi da alli, nan za ki zo ki tsaya cak ba tare da kin dubi ƙasa ba, in kin gota kaɗan kin fita daga haske. Ba ta taɓa zama tauraruwa ba, kuma ba ta ɓoye hakan. Sunanta kullum a can ƙasan fastar tallan fim yake, inda kare ke ɗaga ƙafa, in ji ta. Sau ɗaya aka ba ta babban matsayi, fim ɗin bai karɓu ba, takan ba da labarin tana dariya har da tari.

A bakin tashar jiragen ruwa ta Marseille ta haɗu da mijinta. Ana ɗaukar ta tana kuka, tana ɗaga wa wani jirgi hankici wai masoyinta zai tafi. Sai ta ji ana ƙyalƙyala dariya a gefe, har aka tsayar da aiki. Wani dogon baƙin ma'aikacin jirgi ne, ya ce a gaya wa yarinyar nan ta share hawayenta, jirgin nan ko inji babu a cikinsa, ba inda za shi. Ta bi shi da masifa, masifa ta zama hira. Ta karɓi kalmar shahada, ta bar fim, ta biyo shi Manchester lokacin ana rabon sukari da kati.

Baba kuwa bai taɓa son zancen ba. Ba ya raina ta, ko kusa, amma kalmar 'yar fim nauyi take yi masa a baki. Tun 'ya'yansa na ƙanana ya ce musu Kaka tela ce a ƙasarsu. Bai taɓa kallon fim ɗinta ko ɗaya ba, in ya shiga ɗakinta kuma kujerar da ta ba hoton baya yake zaɓa.

Ni kuwa na ga fim ɗinta da idona. Wani ƙaramin gidan silima kusa da makarantarmu ya sa tsofaffin finafinan Faransa, Kaka ta ji sunan ɗaya ta ce ai tana ciki. Na ɗauko ta a jirgin ƙasa da sandarta da jan bakinta. Da rana ne, 'yan kallon ba su da yawa. Can sai ga ta a bango, yarinya siririya ɗauke da faranti, uwar ɗakinta na yi mata faɗa. Ba ta yi magana ba, ba ta yi kuka ba, ta dai tsaya, farantin na ɗan rawa a hannunta. Na ji tsigar jikina ta tashi.

"Kin gani?" ta raɗa min. "Ban yi komai ba. Tsoron matar nan nake ji da gaske, na bari aka gani. Kyamara ba ta son mai ƙoƙari." Sannan ta ƙara, "Kuma akwai ƙanƙara a bakina."

A shekarar da ta biyo baya Baba ya gamu da shanyewar ɓarin jiki. Hannun dama ya mutu, ƙafar sai ja. Ƙaramar hukuma ta sa masa masu kula, maza biyu da ke zuwa safe da yamma su yi masa wanka, su sa masa kaya, su kai shi banɗaki. Da su muka dogara. Maigidana na kan titi tun asuba, ni ina Birmingham tsakiyar mako, kuma ko ina nan, suruka ba ta yi wa surukinta wanka. To shekarun nan ne da gwamnati ta tsuke bakin aljihu, ana ta rage wannan ana rufe wancan. Kaka ta ce ita sau biyu ke nan tana ganin irinsa a rayuwarta, kuma na farkon ya fi gaskiya, don lokacin kowa ne ba shi da shi. Aka aiko cewa za a zo a sake duba jikin Baba, a ga ko har yanzu yana buƙatar taimakon.

Ranar da ma'aikaciyar da aka turo za ta zo na ɗauki hutu. Tun safe Baba ya sa masu kula suka zura masa babbar riga ta shadda, ya kafa hula, ya fesa turare. Babbar riga kuwa ta rufe mataccen hannun ruf. Ana ƙwanƙwasa ƙofa ya dafa kujera da hannun hagu, ya cije, ya miƙe tsaye, don a wurinsa ba a karɓar baƙo a zaune. Ta tambaye shi jiki, ya ce lafiya lau, godiya ga Allah. Yana iya wanka? Alhamdulillahi. Hawa bene fa? Allah na taimako. Ya sa na kawo mata shayi da cincin, ya tambaye ta iyayenta. Da ta juyo ta ce ko ina da abin ƙarawa, sai na dubi ƙasa. Ta yaya zan buɗe baki gaban baƙuwa in ce surukina ba ya iya kama ruwa da kansa, yana zaune yana ji? Tana fita ya zube a kujera, gumi ya jiƙa shaddar, bai ƙara motsi ba sai la'asar.

Matar ba ta yi laifi ba, abin da ta gani ta rubuta. Aka ce za a janye masu kula, in kuma iyali ba za su iya ba, akwai gidan kula da tsofaffi. Baba ya ji labari.

"In za a fitar da ni daga gidan nan," ya ce, "a makara za a fitar da ni."

Hankalinmu ya tashi ƙwarai. Likitansa ya taimaka aka yarda za a sake turo wani. Amma me zai hana Baba ya maimaita? Ɗansa ba zai iya gaya masa ba, balle ni. Mutum ɗaya ce a duniya take da bakin, sai ga ta kuwa ta shigo tana dogara sanda.

"Ɗana, an ce ka yi wasa mai kyau."

"Wane irin wasa, Inna?"

"Na mai lafiya. Ni da aka biya ni in yi, ban taɓa yin wanda ya kama ƙafar naka ba."

Fuskar Baba ta canza. "Inna, so kike in zauna gaban baƙo ina ƙorafi kamar wanda bai san Allah ba? Ko ƙaryar 'yan fim za ki koya min da tsufana?"

Ina bakin kicin na ji maganar ta dake ni, balle ita. Ta kalle shi. Sannan ta jawo kujera ta zauna daf da shi.

"Ƙarya kai ka yi ta. Ni cire maka ita na zo yi. Godiya ka yi wa Allah, yana ji, ba ya buƙatar shadda. Matar nan ba godiya ta zo karɓa ba, tambaya ta yi ko kana iya ɓalla maɓallin rigarka. Ɓalla in gani."

Ya kai hannun hagu. Maɓallin ya zille, ya sake, ya zille. Ya saki hannun a cinya.

"To wannan za ka nuna. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi."

Daga nan ta shiga horar da shi kullum da hantsi. Sai ta fita waje da jakarta, ta ƙwanƙwasa, ta shigo da wata irin tafiya da wata irin murya, wallahi sai ka rantse ma'aikaciyar ofis ce. Da Baba ya yunƙura zai tashi sai ta buga sanda a ƙasa. "A sake!" Ta koma waje. In ta ce ya jiki ya ce da sauƙi, "A sake!" Ni ina kicin ina toshe baki da mayafi, dariya na cina, tausayi na cina. Shi kuwa yana huci, amma wadda ta riƙe shi ce, ba dama ya ce ta fita.

Ranar ta zo. Kaka ta sa aka ja kujerarsa gaban taga, ta kai babbar rigar can saman bene da kanta, aka bar shi da 'yar shara ta zaman gida, hannun a fili a kan cinyarsa. Wannan karon namiji ne aka turo. Yana ƙwanƙwasawa na ga yatsun Baba sun damƙi hannun kujera. Kaka ta ɗora tafinta a gwiwarsa.

"Zauna, ɗana."

Ya zauna. Ban taɓa ganin abin da ya yi masa wuya irin zaman nan ba. Mutumin ya gaishe shi, ya yi 'yan tambayoyi, sannan ya ce ko zai nuna masa yadda yake shan shayi. Baba ya ɗaga kofi da hagu, hannun na karkarwa, kafin ya kai baki rabi ya tuntsure masa a wando. Na zabura zan ɗauko tsumma, sai na ji an riƙe min wuyan hannu gam. Ban san tsohuwar nan na da ƙarfi haka ba.

"Bari," ta ce a kunnena. "Bari a gani."

Baba ya dubi wandonsa, ya dubi mutumin, ya ce masa da Turanci ba ya iyawa. Da ya faɗi wannan sai sauran suka biyo. Ya faɗi faɗuwar da ya yi a banɗaki wadda ko mu ba mu sani ba. Ya ce alwala ma sai an kama masa. Kaka na kallon taga, hawaye na bin kumatunta yana wanke hodar.

Bayan mutumin ya tafi na bi ta gida, na ce cikin tsokana, "Kaka, wannan kukan na fim ne?"

"Ke tafi can, mara kunya. Na fim daga idon hagu nake fara shi. Wannan ban san ta inda ya fito ba."

Aka bar wa Baba masu kula da shi. Amma fa ya yi fushi da ita, fushi na gaske. Azumin shekarar gaba ɗaya gaisuwa ce kawai tsakaninsu. Yakan sa a kai mata kunu da ƙosai, amma bai ce ta shigo ba. Abin ya dame ni, na je na same ta ina mita, na ce wannan ai rashin godiya ne.

"Ƙyale shi," ta ce tana shafa jan bakinta a madubi. "A ina yake fushin?"

"A falonsa mana."

"To ai abin da muke nema ke nan."

Da salla ya sa aka tura shi a keken marasa lafiya har ƙofarta, suka shirya, ba wanda ya ƙara tayar da zancen. Ni dai ban taɓa jin ya gode mata da baki ba, har ta koma ga Allah.

To a wannan falon ne, Baba na kan wannan kujerar ta gaban taga, Hajiya ta yi addu'arta ta a yafe wa Kaka aikin ƙuruciya. Amin ɗin bai gama sauka ba Baba ya ɗago kai.

"Hajiya, wane aiki?"

"A'a, Alhaji, ai ka sani..."

"Fim. Faɗe shi, ba ya cizo." Ya bi matan da kallo ɗaya bayan ɗaya. "Inna ba tela ba ce, ni na ce tela ce. 'Yar fim ce, kuma ta iya. Duk muna neman gafarar Allah, ita da mu. Amma ba don aikin nan nata ba, da yau ba a ɗakin nan kuka same ni ba. Da sai kun nemi izini a wurin mai gadi kafin ku yi min gaisuwa."

Ya juyo wurina.

"'Yata, shiga gidan Inna ki ɗauko min hoton nan."

Na tafi da gudu, ina kuka ina dariya kamar sabuwar kamu. Na ciro shi daga bango na goge ƙurar da gefen mayafina. Da na dawo na tsaya da shi a tsakar falo, na ce, "Baba, a ina zan sa?"

"Inda haske yake."

Na jingina shi a bakin taga kusa da kafaɗarsa. Ya daɗe yana kallon yarinyar nan mai kafaɗu a waje, karo na farko a rayuwarsa. Hajiya, kunya ta ishe ta, ta nemi gyara zance.

"Allah ya ba da haƙuri, Alhaji. Ya ƙarfin jikin?"

"Da ciwo, Hajiya," in ji Baba. "Yau da ciwo ƙwarai. Alhamdulillahi."

Kaka, mun gode. Allah ya jiƙanki, ya yafe miki, ya sada ki da dogon mutumin nan da ya yi miki dariya a bakin teku. Ke da kika yi ta jan mu gaban taga, Allah ya haskaka makwancinki.